Wanda Bai Fita Daga Zaure Ba

Wari ne ya fara tarbata tun kafin in hango ƙofar gidan sanyin. Warin kifi ne mai yawa wanda ya wuni ya kwana babu sanyi. Mata 'yan kasuwa sun yi cincirindo a bakin get, wasu sun toshe hanci da gefen mayafi, wasu ko toshewar ba su yi ba, don baƙin cikin da ke ransu ya fi warin ƙarfi. Shugabarsu ce ta kira ni, wata Hajiya doguwa mai kakkausar murya. Sana'ata bin sawu ce, sai dai a cikin kwamfuta nake binsa, shi ya sa mutane suka manta da sunana suka koma kirana Mai Sawu.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne? Na ɗauka za ka fi haka cika ido."

"Haka kowa ke cewa, Hajiya."

"To ji nan. Jiya ranar hutu, da rana tsaka, aka kashe injin ɗaki na uku, kuma kayanmu kaf suna ciki. Ba lalacewa ya yi ba, hannu aka sa. Ina so in san hannun wa."

Mai gadi ya buɗe mini ƙaramar ƙofa. Ina shiga wani mutum mai tumbi da farar riga ya mayar da ita, ya datse kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihunsa. Shi ne maigidan wurin.

"Babu mai fita sai an gama," in ji shi.

"Har da ni, ranka ya daɗe?"

"Har da kai. Ko da yake wahalar banza matan nan suka ba ka, mun riga mun san wadda ta yi. Bayan la'asar 'yan sanda za su zo su tafi da ita."

Ba na son a kulle ni, ba na kuma son a gama mini aiki kafin in fara. Mutumin nan ya haɗa mini duka biyun a gaisuwa ɗaya.

*

Wadda ake zargi tana can ƙarshen wani dogon lungu, a ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da ke tafiyar da injinan gidan. Ɗaki ne babu taga, kujera ɗaya, tebur na ƙarfe, ga batura jere a ƙasa, ga gurnanin fanka da ba ya yankewa. Ma'aikata Anti suke kiranta. Matar ƙanin maigida ce, mijin nata ya rasu shekarun baya. Shi marigayin ne ya rubuta manhajar da ke kunna injinan sanyi tana kashe su, kuma tun rasuwarsa ita ke jinyar abin.

"Tsohuwa muke ce mata," in ji Anti, tana nuna baƙin allo mai fararen lambobi. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa. "Ba ta da hoto, ba ta da maɓalli mai launi. Rubuta mata umarni ake yi ta amsa. Idan aka rufe tagar da take ciki, ta mutu, injina kuma su tsaya. Shi ya sa marigayi ya ajiye ta a zaure."

Na san abin da take nufi, ko da yake kowane gida da sunan da yake ba shi. Wata 'yar dabara ce da ke riƙe manhaja a raye cikin saba ko da babu kowa a gabanta. Kana gidanka sai ka shigo ta intanet da mabuɗin sirri, ka tarar da allon yadda na baya ya bar shi. Idan ka gama sai ka danna wasu haruffa biyu ka zame, ita kuwa ta ci gaba da aikinta. Mutum biyu ko uku suna iya zama a zauren lokaci guda, allo ɗaya suke gani.

"Dokar marigayi ke nan," ta ce. "Ka shiga, ka duba, ka zame. Kada ka rufe."

"Su wa ke da mabuɗin?"

"Ni, da Injiniya mai gyaran injina, da Mai sito. Mabuɗi ɗaya ne muke amfani da shi duka."

Na ja tsaki a zuci. Mabuɗi ɗaya a hannun mutum uku, ai ko aljani ne ya shiga sunan da za a gani ɗaya ne. Umarnin kashe ɗaki na uku yana nan a rubuce a allon, amma ba ya faɗin wanda ya rubuta shi. Na kai hannu zan ja madannai, ta tare ni da sauri.

"Yi a hankali. Idan ka danna harafin da ba ta sani ba, tsawa take yi, kuma duk wanda ke zaure sai ya ji. Marigayi ya ce don mai gyangyaɗi ya farka."

"To me ya hana ta yin tsawa da ɗakin ya ɗauki zafi?"

"Da hannu aka kashe. Ta ɗauka da gangan ne, sai ta yi shiru."

A nan na lura da abin da ya kamata in fara gani. Allon faffaɗa ne, amma rubutun Tsohuwa ya takure a gefen hagu, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Sauran filin duk ɗige-ɗige ne.

"Haka yake kullum?"

"A'a. Da safe na tarar da shi haka. Na ɗauka ɓarnar ce ta taɓa ta."

Ba ɓarna ba ce. Zaure irin wannan yana tsuke kansa daidai da allon da ya fi ƙanƙanta cikin na waɗanda ke ciki. Allo mai faɗin tafin hannu kuwa na waya ne. Wani ya shigo da waya jiya, ya yi abin da ya yi, ya mayar da ita aljihu yana ganin ya fita, alhali bai zame ba. Har yanzu yana cikin zauren. Na leƙa ta wata kafa na tabbatar, amma adireshin da na gani na kamfanin waya ne kawai, kuma kafin su ba ni suna an daɗe da tafiya da Anti. Sawun kuma ɗanye ne. Caji ya ƙare ko mai wayar ya farga, shi ke nan ya goge. Don haka na haɗiye maganar, na ce mata kada ta taɓa komai.

*

Mai sito dattijo ne mai yawan rantsuwa. Na same shi a ƙofar ɗaki na uku yana kallon kwalayen da ruwa ke tsiyaya daga cikinsu.

"Baba, da ma a nan kifin yake?"

Ya sosa ƙeya. "A na ɗaya yake. Shekaranjiya da yamma na ga na ɗaya ya cika, na sa aka kwashe zuwa na uku. Na ukun ya daɗe babu kaya, injin yana ta shan mai a banza, kullum Oga yana mita a kai."

"Ka gaya wa wani ka kwashe?"

"Wallahi na yi niyya. Na ce sai an dawo hutu."

Na so in ɗora masa ido, don wanda ya tara kaya a ɗaki ɗaya aka kashe ɗakin washegari dole a dube shi. Na nemi ya ara mini wayarsa in yi kira. Ya zaro wata 'yar ƙarama mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Da wannan ko sunan Tsohuwa ba za a iya rubutawa ba. Na yi masa godiya na wuce.

Injiniya yana bayan janareta, hannu duk baƙin mai. Kowa a gidan ya san sun yi cacar baki da Anti a makon da ya wuce kan wani inji da ta ce bai gyaru ba.

"Faɗan aiki ne," ya ce. "Ni ba na riƙe mutum."

"Da me kake shiga zaure?"

"Da kwamfutar tafi-da-gidanka. Tana ofis tun shekaranjiya, je ka duba."

"Da waya fa? Ana iya shiga da waya ai."

Sai ga gumi a goshinsa, a wurin da iska ke kaɗawa. "Marigayi ya hana. Ya ce yatsa na zamewa a waya." Ya juya yana goge sifana da ta riga ta goge. Babbar waya na leƙe daga aljihun rigarsa. Na ce a raina, ga ɗaya.

*

Da na koma ɗakin saba na tarar an turo ƙofa, muryar maigida na fitowa ƙasa-ƙasa. Na tsaya a lungun. Ban ji kunyar laɓe ba, da shi nake cin abinci.

"Mai gadin layinku ya ce tun hantsi kika fita, ba ki dawo ba sai yamma. Ke kuma kin ce mini kina gida. Me kike so in gaya wa 'yan sanda?"

"Yaya, wallahi ban taɓa ɗaki na uku ba."

"Ni ban ce da gangan kika yi ba. Ki amsa cewa kuskure ne, ki sa hannu, ni zan sallami 'yan sanda in lallashi matan nan. Ke ta gida ce, 'yarki 'yata ce, ba zan so a ce uwarta ta kwana a caji ofis ba. Amma maganar barin aikin nan da nake ji ana yi, ki cire ta daga ranki. Wa zai ɗauki wadda ta ruɓar da kayan mutane? Nan ne rufin asirinki."

Ya fito ya wuce ni ko kallo babu. Na shiga na same ta ta dafa teburin da hannu biyu.

"Ina kika je jiya, Anti?"

"Neman aiki. Wani asibiti ne ke son mai kula musu da kwamfutoci, suka ce in zo ranar hutuna. Na ji kunyar faɗa ne." Ta dubi allon. "Tun da ya rasu ban taɓa kwana a wani gari ba. Ƙanwata ta haihu ban je ba. Sau ɗaya Tsohuwa ta faɗi, sai da na kusa zarewa kafin ta tashi, kuma ni kaɗai na san yadda ake tayar da ita. Da farko daɗi nake ji, don duk harafin da ke allon nan hannunsa ne. Yanzu kuwa ko wanka na shiga ina jin kamar tana kirana. Rana ɗaya na fita, rana ɗaya tak, ka ga abin da ya biyo baya."

"Za ki sa hannun?"

"In ban sa ba, wa zai ɗauko yarinya daga makaranta?"

Tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya, don na ga har ta fara yarda cewa fitar da ta yi ita ce laifin. Duk da haka ita ma babbar waya ce a gabanta, kuma ta yi ƙarya sau ɗaya. Tausayi ba ya wanke mutum a aikina. Na dubi allon, ɗige-ɗigen suna nan. Aka kira la'asar daga wani masallaci a bayan katanga.

"Kada ki sa hannu a komai tukuna," na ce. "A kira mini kowa."

*

Ɗakin bai isa mutum uku ba, muka cusa shida. Maigida ya buɗe get da kansa ya shigo da Hajiya, ya sake kullewa. Mai sito ya manne da bango, Injiniya ya tsaya kusa da ƙofa kamar mai shirin gudu, Anti na kan kujerarta. Numfashinmu ya cinye sanyin ɗakin, warin kifi kuma ya biyo mu ta lungu.

"Ina roƙon kowa ya ɗora wayarsa a kan teburin nan," na ce.

"Ni zan fara," in ji maigida. Ya ajiye tasa da ƙarfi, ƙatuwa mai gidan fata. "Ni ko kunna kwamfuta ban iya ba, amma a duba kowa, kada a ce na yi son kai."

Sauran suka bi. Ta Injiniya sai da ta kusa suɓuce masa.

Na nuna allon. "Kun ga yadda rubutun ya tsuke? Wanda ya kashe ɗaki na uku da waya ya shigo. Ya san yadda ake shiga, ya san umarnin kashewa, amma ba a koya masa fita ba, ko an koya masa bai saurara ba. Ya ɗauka idan ya mayar da waya aljihu ya fita. Tun jiya yana zaune a zauren nan tare da Tsohuwa."

"To wane ne?" in ji Hajiya. "Ni ba karatu na zo ɗauka ba."

"Ita za ta kira shi, Hajiya. A yi shiru."

Na danna wani harafi da Tsohuwa ba ta sani ba. Kwamfutar da ke gabanmu ta yi ƙara, ɗit. A daidai lokacin wata waya ta yi gurnani a kan ƙarfen teburin, har ta ɗan matsa gefe. Mai gidan fata ce.



"Saƙo ne ya shigo," in ji maigida.

Na sake dannawa, ta sake gurnani. Na jira, na danna sau biyu a jere, ta amsa sau biyu.

"Mai aiko maka saƙon nan yana bin yatsana, ranka ya daɗe. Buɗe mu gani."

Bai buɗe ba. Ya dubi ƙofa, ya tarar Hajiya ta cika ta. Injiniya ne ya fara magana, kansa a ƙasa.

"Ni na sa masa mabuɗin zauren a wayar. Da ya ji Anti na neman wani aiki ya ce yana so ya riƙa leƙa abin da take yi, ya kuma koyi abin da kansa. Na rubuta masa umarnin kunnawa da na kashewa. Na fara nuna masa yadda ake zamewa aka kira shi, ya ce ya gane. Ya ce in na faɗa wa wani a bakin aikina." Ya ɗago ya dubi Anti. "Tun safe nake son in yi magana. Ki yafe mini."

"Ɗakin babu komai a ciki!" Maigida ya juya kan Mai sito. "Watanni yana shan mai a banza. Wa ya ce ka zuba kaya ba ka gaya mini ba?"

"Oga, wa ya ce ka kashe ba ka tambaya ba?" in ji dattijon, a hankali.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Kuskuren kashewa na ji shi, kowa na yi. Amma tun safe ka san kai ne, ka bar mu muna zagin matar ƙaninka a bakin get, ka kira mata 'yan sanda. Wannan ba kuskure ba ne. In sun zo sai su tarar da aiki, ba dai wanda ka kira su dominsa ba."

Tumbin nan da maigida ya tare ni da shi da safe kamar an sace masa iska.

Anti ce ta miƙa masa wayar. "Buɗe, Yaya."

Ya ɗora yatsa ta buɗe. Ga Tsohuwa a ciki, 'yar tsukakkiya, da umarninsa na jiya a rubuce. Anti ta karɓa ta danna haruffa biyun nan. Nan take ɗige-ɗigen da ke babban allo suka ɓace, rubutun ya miƙe ya cika shi daga gefe zuwa gefe. Ta ajiye wayar, ta ɗauki jakarta, ta shimfiɗa wa maigida tafin hannu.

"Mabuɗin get."

"Haba ƙanwata. Mu yi magana a gida. Idan kika tafi wa zai kula da ita? Idan ta faɗi fa?"

"Tana nan a kunne, ban kashe komai ba. Yadda ake tayar da ita zan koya wa Injiniya, ya same ni a gida, ba a nan ba." Hannun nata bai sauka ba. "Kai kuma ka riga ka iya shiga. Saura ka koyi dubawa da zamewa."

Ya laluba aljihu ya ba ta.

Na bi bayanta ta dogon lungun. Da ta buɗe kwaɗon, matan da ke waje suka taso da hayaniya, sai Hajiya ta ɗaga hannu daga bayanmu ta faɗi kalma biyu, suka dare suka ba ta hanya. Wata tsohuwa cikinsu ta kama gefen mayafinta tana ba ta haƙuri. Anti ta tsaya a titi tana ƙifta ido saboda hasken rana, ta duba agogon wayarta, ta ce mini in ta yi sauri za ta tarar ba a tashi su yarinya daga darasin yamma ba.

Na koma ciki ɗauko jakata. Matan sun riga sun cika harabar, babu ta inda mutum zai ratsa ya fita. A ɗakin saba na tarar da maigida shi kaɗai, ya turo ƙofa, yana zaune a kujera ɗayan nan, ya zuba wa allon ido, hannuwansa a cinya don tsoron kada ya taɓa wani harafi.